Me Ya Sa Hasken Leza Ke Ƙona Madubin da Aka Ƙera Dominsa?

Wani ɗalibi mai neman digiri na biyu a fannin fiziks ya aiko mini da tambaya cikin damuwa. Ya ce ɗakin gwajinsu ya sayi madubi na musamman wanda ke maido da hasken leza iri biyu, wato mai tsawon zango nanomita 1064 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) da kuma koren nan mai nanomita 532, kuma takardar da ta zo da shi ta ce yana jure jul 20 (jul ma'aunin makamashi ne) a kan kowace murabba'in santimita idan bugun hasken ya kai nanosakan 20 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan) a zangon 1064. Lezarsu tana fitar da milijul 100, wato kashi ɗaya cikin goma na jul, na koren haske a bugu ɗaya mai nanosakan 5, faɗin hasken milimita 2 ne, kuma da ya yi lissafi sai ya ga jul 3 da 'yan kai ne kawai ke sauka a kan murabba'in santimita. Duk da haka, kafin mako ya zagayo tabo ya fito a tsakiyar madubin. Yana so ya san ko jabu aka sayar musu, da yadda madubin da ke maido da kusan dukkan haske zai ƙone, da kuma ko wannan adadi zai yi musu amfani wajen sayen giretin, wato madubi mai siraran layuka da ke rarraba launukan haske, da suke shirin yin odarsa.

Ɗan'uwa, a cikin abin da ka bayyana ban ga alamar jabu ba. Abin da na gani shi ne kuskuren da kusan duk wanda ya fara aiki da leza mai ƙarfi yakan yi, ni ma na yi shi, wato ɗaukar iyakar juriyar madubi kamar nauyin buhu, adadi guda wanda ba ya sauyawa ko'ina aka kai shi. Iyakar juriya sakamakon gwaji ce da aka yi da wani irin haske, mai wani tsawon bugu, a kan wani ɗan wuri, sau wani adadi, kuma da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya, adadin ya tashi daga aiki. Kafin mu koma kan lissafinka, sai mun duba yadda aka gina madubin, domin a cikin gininsa amsar take.

Gilashi tsura yana maido da kimanin kashi 4 cikin 100 na hasken da ya sauka a kowace fuskarsa. Idan aka shafa masa wani siririn falle mai kaurin rubu'in zangon hasken, hasken da ya dawo daga saman fallen da wanda ya dawo daga ƙasansa sukan haɗu a saɓe, tudun wannan ya faɗa kwarin wancan, sai su kashe juna. Falle guda na sinadarin maganiziyam fulorayid mai kaurin kusan nanomita 100 yana sauko da kashi 4 ɗin nan zuwa ƙasa da kashi ɗaya da rabi. Alexander Smakula ne ya fito da wannan dabara a kamfanin Carl Zeiss da ke Jamus a 1935, kuma ita ce sanadin ɗan ƙyallin kore ko shunayya da kake gani a tabarau da idon kyamara. Launukan da ke yawo a kan ruwan da man mota ya zuba a kai bayan an yi ruwan sama, su ma daga wannan haɗuwa ta haske suke.

Madubin leza yana juya dabarar ne. Ana jera falle mai lanƙwasa haske sosai, kamar sinadarin hafniya, da falle mai lanƙwasa shi kaɗan, wato silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi, ɗaya bisa ɗaya har sau ashirin, talatin ko fiye, yadda duk ɗan hasken da ya dawo daga kowace mahaɗa zai zo daidai da ɗan'uwansa su ƙarfafa juna. A zangon 1064 kowane fallen silika yana da kaurin kimanin nanomita 180, na hafniya kuma kimanin 140, saboda haka dukkan shafin bai wuce 'yan maikromita ba (maikromita nanomita dubu ne), bai ko kusa da kaurin silin gashi ba. A nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Madubin ba ya korar haske daga bakin ƙofa, sai hasken ya kutsa cikin fallayen sama tukuna. Hasken da ke shiga da wanda ke fita suna haɗuwa su kafa igiya tsayayya, mai wuraren da ƙarfin lantarkin haske ya taru da wuraren da ya mutu, kuma a tsarin da aka saba wurin taruwa na farko yana faɗawa ne daidai kan mahaɗar falle biyu, inda shafin ya fi rauni. Wannan ya sa masu tsara shafi suke rage kaurin fallayen hafniya na sama domin su tura wurin taruwar zuwa cikin silika, ko su ɗora fallen silika mai kaurin rabin zango a can sama ya zama garkuwa.

Dalilin fifita silika da hafniya yana da alaƙa da ƙarfin da ake buƙata kafin a ɓalle ilektron daga mazauninsa. Ana auna wannan ƙarfi da ilektron-bolt: a silika ana buƙatar kusan 9, a hafniya tsakanin 5 da 6, a tantala kusan 4, a titaniya kuwa 3 da 'yan kai. Ƙwayar haske guda ta zangon 1064 tana ɗauke da kusan 1.2, ta koren haskenka 2.3, ta zangon 355 kuma 3.5. Ke nan sai ƙwayoyi biyar sun taru a lokaci guda kafin su ɓalle ilektron a hafniya da hasken 1064, amma uku sun isa da koren haske. Titaniya ta fi hafniya lanƙwasa haske, da ita za a iya yin madubi da fallaye kaɗan, amma ba ta da juriya, shi ya sa ba ka ganinta a manyan lezoji masu bugu.

Sai dai a bugun nanosakan irin naka, ba kasafai sinadarin da kansa ke fara gazawa ba. Aibi ne ke gazawa, kuma wannan ne darasi mafi girma da masu wannan fanni suka koya tun da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960 aka fara ganin duwatsun cikin leza da madubai suna fashewa. Matsalar ta yi tsanani har Arthur Guenther da Alexander Glass suka kafa taron shekara-shekara kan ɓarnar leza a 1969, wanda ya shahara da sunan garin Boulder na jihar Kolorado a Amurka. A cikin nanosakan 10 zafi ba ya iya tafiya fiye da kimanin nanomita 100 a cikin silika. Idan akwai wata 'yar ƙwaya mai shan haske, ko ragowar garin goge gilashi ne da ya maƙale a cikin wata tsaga, ko wurin da sinadarin bai sami isasshen iskar oksijin ba, duk zafin da ta sha yana nan a kanta ba shi da mafita. Sai ta kai dubban digiri, abin da ke kewaye da ita shi ma ya fara shan haske, filasma, wato iskar da zafi ya ɓalle mata ilektron, ta tashi, sauran bugun ya ƙare a kanta. Madubin zai iya maido da kashi 99.9 cikin 100 a jimlace, amma wannan adadi bai ce komai ba game da ƙwaya guda mai faɗin nanomita hamsin.

Aibin da aka fi nazari a kansa shi ne ƙullutu. Ana yin yawancin manyan shafuffuka ne a cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, a narka sinadarin da harbin ilektron ya zama tururi ya sauka a kan gilashin. Hafniya tana da halin yin tartsatsi idan ana narka ta, sai ta tofa 'yar ƙwaya mai girman maikromita guda ko ƙasa da haka a kan gilashin, fallayen da suka biyo baya kuma su lulluɓe ta. Abin da ke fitowa shi ne ƙullutu mai siffar mazurari, tsininsa a ƙasa kan ƙwayar, samansa kuma ya yi tudu kamar ƙoƙon da aka kife. Wannan tudu yana aiki kamar ƙaramin gilashin tara haske, yana shigar da hasken ta kusurwoyin da ba a tsara madubin dominsu ba, yana kuma tara shi a cikinsa har ya ninka sau da yawa. Na sha ganin ƙarshen wannan a madubin ƙara girma: rami zagayayye mai santsin baki inda ƙullutun ya fice ɗungurungum kamar an cire toshiyar kwalba, kewaye da shi kuma wani dishi-dishi inda filasma ta babbake saman shafin. Masu bincike a ɗakin gwajin Livermore da ke Kaliforniya sun gano cewa idan aka narka ƙarfen hafniyam zalla a cikin iskar oksijin maimakon hafniya, tartsatsin yana raguwa ƙwarai. Sun kuma gano cewa idan aka bi madubi da haske mai rauni ana ƙara ƙarfinsa sannu a hankali, ƙullutai sukan fice a hankali su bar ramukan da ba sa girma, madubin ya fi jurewa daga baya. Wannan shi ake kira horar da madubi, kuma ni ina ganin duk mai sabon madubi ya kamata ya yi wani abu makamancinsa.

Yanzu mu koma kan lissafinka. Ka raba milijul 100 da faɗin da'ira mai milimita 2, ka sami jul 3.2, kuma lissafin daidai ne idan hasken shimfiɗe yake bai ɗaya. Amma hasken leza ya fi ƙarfi a tsakiya, kuma idan mai siffar tudu ne irin na Gauss, ƙarfin tsakiyarsa ninki biyu ne na wannan adadi, wato jul 6.4. Ta ɓangaren madubin kuma, juriya tana tafiya ne da tushen murabba'in tsawon bugu, saboda haka sauka daga nanosakan 20 zuwa 5 ya raba jul 20 biyu, saura 10. Sauka daga 1064 zuwa 532 zai sake zaftare wani abu, a ƙiyasi mafi sassauci ya mai da shi kusan 7, kuma sau da yawa abin ya fi haka muni. Ka ga ratar da ka ɗauka ninki shida ce ta koma 6.4 a gaban 7. Ƙara da cewa yawancin lezojin irin taku suna da ɗigo-ɗigon wurare masu zafi a cikin haskensu, kuma shafi yana gajiya, abin da ya jure bugu ɗaya ba lalle ya jure bugu dubu ɗari ba. Da madubin nan ya yi wata guda lafiya, da shi ne abin mamaki.

Akwai kuma batun yadda aka yi gwajin. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 21254 ta bayyana gwajin bugu ɗaya a kowane wuri da gwajin bugu da yawa a wuri ɗaya, kuma adadin na biyun ya kan yi ƙasa da na farko. Sau da yawa ana gwajin da ɗigon haske mai faɗin rabin milimita ko ƙasa da haka, wanda zai iya faɗawa tsakanin aibobi bai taɓa ko ɗaya ba, alhali hasken da ya fi faɗi ba shi da hanyar kauce musu. Saboda wannan ne manyan cibiyoyi suke share fili mai faɗin murabba'in santimita guda ko fiye da ɗigon haske, layi bayan layi, kafin su yarda da shafi.

Babu inda aka ɗauki wannan al'amari da muhimmanci kamar cibiyar NIF da ke Livermore, mai hannayen leza 192, inda a ranar 5 ga Disamba 2022 aka zuba megajul 2.05 na haske (megajul jul miliyan ne) a kan ɗan ƙwanson makamashi aka sami megajul 3.15 daga haɗewar ƙwayoyin zarra. A can ana mai da hasken daga zangon 1053 zuwa 351 kafin ya isa inda aka nufa, kuma gilasan silika na ƙarshe suna aiki ne a saman iyakar da ɓarna ke iya farawa, da sanin masu cibiyar. Abin da suka yi shi ne koyon zama da ɓarnar. Suna wanke gilasan da asid domin cire tsagogin da gugar gilashi ta bari, suna duba su da kyamara bayan harbi, idan tabo ya fara girma su cire gilashin, su ƙwaƙule wurin da lezar iskar kabon dayoksayid ya zama ɗan rami mai santsi wanda ba ya ƙara girma, sannan su mayar da shi bakin aiki. Girman tabon ne abin tsoro, domin a irin wannan haske faɗinsa yana ninkuwa ne da yawan harbi. Akasin wannan buƙata kuma ita ce ta madubin LIGO, na'urar da ta ji girgizar sararin samaniya a Satumba 2015. Madubanta masu nauyin kilo 40 an shafe su ne a birnin Liyon na Faransa da silika da tantala mai gaurayen titaniya, domin haskensu ba mai bugu ba ne, damuwarsu ita ce kada shafin ya sha ko kashi ɗaya cikin miliyan, kuma kada motsin zafi na ƙwayoyinsa ya rufe abin da ake saurare. Shafin da ya fi kowane kyau a wannan aiki ba shi ne za a zaɓa a wancan ba.

Game da giretin, amsa ita ce a'a, adadin madubi ba zai yi maka amfani ba ko kaɗan. Giretin madubi ne mai kunyoyi kamar gonar da aka yi wa huɗa, sai dai kunyoyin nasa ɗaruruwa ne ko fiye da dubu a cikin milimita guda, kuma yana karkatar da kowane launi zuwa tasa kusurwar. Bakan gizon da kake gani a bayan faifan CD daga nan yake, domin layukansa suna da ratar maikromita 1.6. Joseph von Fraunhofer ya yi nasa da siraran wayoyi a 1821, Henry Rowland kuma ya ƙera injin zana layuka a jami'ar Johns Hopkins a shekarun 1880. Shigarsa harkar leza mai ƙarfi ta zo ne ta dabarar da Donna Strickland da Gérard Mourou suka fitar a jami'ar Rochester a 1985, wadda ta kai su ga kyautar Nobel ta 2018. Ana miƙar da gajeren bugu ya yi tsawo sau dubbai domin kada ya fasa na'urar ƙara ƙarfi, a ƙara masa ƙarfin, sannan a sake matse shi da giretin. Ma'anar wannan ita ce giretin na ƙarshe shi ne ke karɓar dukkan ƙarfin a mafi gajeren lokaci, kuma girmansa da juriyarsa su ne ke yanke iyakar abin da dukkan na'urar za ta iya fitarwa.

A wannan gajeren lokaci dokar tushen murabba'i ta daina aiki. Brent Stuart da Michael Perry da abokan aikinsu a Livermore sun nuna a tsakiyar shekarun 1990 cewa ƙasa da kimanin pikosakan 10 (pikosakan kashi ɗaya ne cikin dubu na nanosakan) zafi ba ya samun lokacin yaɗuwa, ilektron ne ke ɓallewa su bugi wasu su ma su ɓalle har wurin ya koma kamar ƙarfe, saman ya kwashe cif-cif ba tare da narkewa mai yawa ba. A nan juriyar silika ba ta wuce kusan jul 2 a kan murabba'in santimita ba a bugun pikosakan guda. Giretin mai shafin zinariya, irin mai faɗin kusan mita guda da aka kai ga fetawat na farko (wat miliyan sau biliyan) da shi a Livermore a 1996, yana shan wani kaso na hasken, juriyarsa kuma ba ta kai rabin jul ba. Wannan ya sa aka ƙirƙiro wanda ba shi da ƙarfe ko kaɗan: madubi mai fallaye a ƙasa, kunyoyi kuma a sassaƙe cikin fallen silika na sama, yawanci 1740 a milimita guda, wato ratar nanomita 575 tsakanin kunya da kunya. Yana iya karkatar da fiye da kashi 95 cikin 100 na hasken zuwa inda ake so, juriyarsa kuma ta ninka ta zinariya sau da dama. Amma ƙarfin lantarkin haske yana taruwa a cikin kunyoyin, kuma a gefen kunya ɓarna ke farawa, daidai inda lissafi ya nuna taruwar ta fi yawa. Giretin biyu masu karkatar da haske daidai wa daida za su iya bambanta ƙwarai a juriya, mai siraran kunyoyi dogaye ya fi mai faffaɗan kunyoyi, domin yana tura wurin taruwar zuwa cikin kwarin da babu komai. Zinariya ba ta bar fage ba duk da haka, domin tana karɓar launuka masu faɗi, kuma bugun femtosakan ashirin ko talatin (femtosakan kashi ɗaya ne cikin dubu na pikosakan) yana buƙatar wannan faɗi.

Tsabta ita ce abin da nake so ka fi riƙewa, domin ita ce a hannunka. A wani ɗakin gwaji da na yi aiki mun taɓa rasa giretin mai tsada ba tare da mun kusanci iyakar juriyarsa ba. Wani tabo mai ruwan ƙasa ya bayyana daidai da siffar haskenmu, ƙarfin da ke fita yana raguwa kullum, sai daga baya muka gano wata waya mai rigar roba da aka bari a cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, inda giretin yake, tana fitar da tururi, hasken yana fasa shi yana ɗora baƙin kabon a kan kunyoyin. Mun yi makonni muna zargin wanda ya ƙera giretin. Giretin ba a goge shi da komai, ko takardar goge gilashi ta taɓa shi ta kwantar da kunyoyin har abada. A wajenmu kuma ƙurar hunturu ta isa ta kashe madubi ita kaɗai, domin ƙwaya guda da ta sauka a inda haske ke bugawa za ta ƙone ta bar tabon da zai ci gaba da girma. Masu injin yankan roba da katako da leza a kasuwanninmu sun san wannan, idon injinsu yakan tsage ne idan hayaƙi ya taru a kansa.

Madubin da ke hannunku bai mutu ba. Ka duba tabon a madubin ƙara girma: idan ramuka ne warwatse, aibobi ne ko ƙura, idan fili guda ne ya sauya launi daidai da tsakiyar hasken, kun wuce juriyar shafin ko kuma datti ya gasu a kai. Ka juya madubin a mazauninsa hasken ya sauka a sabon wuri nesa da tabon, ka faɗaɗa hasken daga milimita 2 zuwa 4 kafin ya iso shi, wanda zai rage nauyin zuwa rubu'i, ka duba siffar hasken da takardar ƙuna ko kyamara, sannan ka riƙa ɗaga ƙarfi daga ƙasa a hankali duk lokacin da kuka kunna. Idan za ku yi odar giretin, ku rubuta wa mai sayarwa zangon haskenku, tsawon bugu, yawan bugu a sakan, kusurwar saukar hasken, ɓangaren da lantarkinsa ke kaɗawa, da ko a cikin iska za ku yi aiki ko a tukunyar da aka zuƙe. Ku kuma tambaye shi ko adadin da ya ba ku an auna shi ne a kan fuskar giretin ko a tsaye da hasken, domin a kusurwar digiri 60 bambancin ninki biyu ne. Duk adadin da ya bayar bayan wannan, ku tsara aikinku a kan rabinsa ko sulusinsa.